Shekarar da Wendell Ya Ajiye Wuƙa

Wendell Hruska ya ƙare ƙuruciyarsa da ƙarfinsa a ƙarƙashin motocin bas na birnin Toledo a Amurka. Kanikanci ya yi har gwiwoyinsa suka ƙi. Ba mai magana ba ne. In ka tambaye shi lafiya, sai ya ce da sauƙi, ya koma kan abin da yake yi. Matarsa Marlene ce ke magana a madadin su biyun, kuma ta iya.

A gidansu Ranar Godiya, bikin da iyali ke taruwa su ci talotalo duk Nuwamba, ta Marlene ce. Ita ke sa talotalo a tanda tun da safe, tana shafa masa man shanu, tana korar kowa daga kicin. Aikin Wendell ɗaya ne. Ya wasa doguwar wuƙar da ya gada wurin mahaifinsa, ya tsaya a kan tebur ya yanka ya raba: ƙirji na Marlene, cinya ta 'yarsu Gail, sauran kuwa mijin Gail, Dwayne, ya san yadda zai yi da shi. In an zo zagayen da kowa ke faɗin abin da yake godiya a kai, Wendell yakan ce, "Abinci na hucewa." Iyakar jawabinsa ke nan kowace shekara.

Sai ciwon daji ya kama Marlene a maƙogwaro. Gashin na'ura da likitoci suka yi mata a wurin ya kashe ciwon, ya kuma tafi da yawun bakinta. Nama ya koma mata kamar yashi. Ba ta iya haɗiye komai sai mai ruwa-ruwa, da ƙaramin cokali, tana yi tana tari. Ta daina cin abinci a gaban kowa, har shi.

Da Nuwamba ta kama, ta yanke nata hukunci. Gail ta gasa talotalo su ci, ita za ta zauna a ɗakinta na sama, ta sauko in an kwashe kwanuka. Ta ce ba za ta zauna da abincin jarirai a gabanta suna satar kallonta ba.

Wendell bai yi musu ba. Amma ya sha ganin motar da aka tura bayan gareji aka ce na ɗan lokaci ne, ciyawa ta fito a ƙarƙashinta. Ya san in Marlene ta bar teburin nan sau ɗaya, ta bar shi ke nan.

Ya buga wa Gail waya ya ce bana babu talotalo. Gail ta ce ai hakan zai ƙara wa mamanta ciwo, za ta ga saboda ita aka rushe komai. Dwayne ya karɓi wayar ya tambaya ko tsoho ya koma cin ganye ne, a sanar da shi ya ƙoshi a hanya. Wendell ya ce su zo kawai.

Mutumin da bai taɓa dafa abin da ya wuce ƙwai ba ya shiga kicin. Tukunyar farko ta ƙone. Ta biyu ta yi kauri kamar man giris, ya zubar. Duk abin da ya dafa sai ya haɗiye shi ba tare da ya tauna ba. In ya tsaya masa a wuya, bai yi ba.

Ranar ta zo. Ya jera miyar kabewa da madara, da dankali da ya dama da man shanu har ya saki, da kifi da ya narke a romo, da ƙwai da madara da sukari da ya turara. A gefen kowane kwano cokali ne kaɗai. Wuƙar tana cikin durowa.

Ba wanda ya hau kiran Marlene. Hancinta ne ya kira ta. Rana ta yi tsaka, gidan ba ƙamshin talotalo, abin da bai taɓa faruwa ba. Ta leƙo daga bene tana tambaya da dasasshiyar murya wane sakarai ne ya manta bai kunna tanda ba. Sai ta sauko, tana dafa bango.

Ta daɗe tana kallon teburin.

"Wendell, me ka yi wa ranata?"

"Miya," in ji shi. Ya ja mata kujera.

Ta zauna, wataƙila don ƙafafunta sun gaji. Ta ɗebi kabewar ta kai baki. Miyar ta wuce, ba tari. Ta ce gishiri bai ji ba, kuma wanda ya dama dankalin nan da ganin sa siminti ya saba kwaɓawa. Dwayne ya ce shi dai haƙoransa sun gode da hutun. Gail ta juya baya tana neman gishirin da ke gabanta.

Aka yi zagayen godiya. Da aka zo kan Wendell, kowa ya jira maganarsa ta kullum. Shi kuwa hankalinsa na wani wuri. Yana kallon cokalin Marlene, in ta ɗaga ya ɗaga nasa, in ta huta ya huta. Miyarsa ta daɗe da hucewa. Haka ya shanye ta, tare da ita.