Battar tabar Baba

"Kaka, wayar nan ta zame miki jaraba," in ji jikata jiya, da ta iske ni zaune ni kaɗai ina ta latse-latse. Kalmar nan ta mayar da ni garinmu Zagga, shekarun da aka samu 'yancin kai.

A lokacin ne Baba ya tafi fatauci Dahome, ajali ya riske shi a can. Ko gawarsa ba mu gani ba, battar tabarsa kawai abokan tafiya suka kawo. Inna, wadda a da ko warin taba ba ta so, sai ga ta tana zuba garin a baki. In ya ƙare ko tuwo ba ta iya ci, sai an samo mata irin na Dahome wurin masu kwalekwale.

Wata rana na gaji na ce, "Inna, mutane na cewa jarabar taba ta kama ki."

Ta daɗe tana juya battar a hannu, sannan ta ce, "Ɗiyata, jaraba ita ce abin da mutum ya san shina cutar shi, amma ya kasa bari. Ni taba ko gobe ina iya barin ta. Ƙanshin ubanki ne na kasa bari."

Yanzu ni ma maigidana ya rasu, 'ya'ya sun watse birane. Ba wayar nake so ba, dubawa nake ko wani cikinsu ya tuna da ni.

Ku fa, me kuka kasa bari, kuma wa yake tuna muku?