Injin Jan Ruwan Jego

"Ruwan zafi fa ka ce, mai tafasa?" mai shagon injinan jan ruwa a Ƙofar Wambai ya sake tambayata.

Na ce masa ƙanwata ce ta dawo gida wankan jego, ga Innarmu ciwon baya ya hana ta ɗaukar bokiti. Jiya saura kaɗan Inna ta ƙone.

Ya lalubo mini wani ɗan inji mai jure zafi. Da na koma gida na haɗa shi da tiyo, ruwa ya taho daga tukunya zuwa banɗaki yana tururi.

Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Da na haife ka, matan layinmu ne suka riƙa kawo min ruwa suna tsokanata. Wannan ba ya hira."



Ku fa, wa ya ɗebo wa mahaifiyarku ruwan jego?