Bashin Yaya Yana Wuyana

Ranar da muka kai Yaya makwancinsa, an yi sahu, gawa na gaba, sai liman ya juyo ya yi tambayar da aka saba: "In ana bin bawan Allahn nan bashi, wa ya ɗauke masa?" Ni ke bi masa a haihuwa. Ƙanenmu, tela ne a kasuwar Arlit, yana tsaye kusa da ni. Na ɗaga hannu na ce, "Yana wuyana, Malam, ko nawa ne." Ko nawa ne! Ka ji ɗan kabu-kabu da bakin attajirai. A zatona bai wuce kuɗin shayi da sukari na mai butik, kantin unguwarmu, ba.

Yaya ya daɗe yana shiga bis ɗin ma'aikata kowace safiya. Da aka rufe ramin yuraniyom ɗin da yake aiki, zaman gida ya gagare shi, ya tafi Tchibarakaten neman zinariya. A bayan kamyo, babbar motar kaya, aka dawo mana da shi, ƙirji na cinsa, bai daɗe ba ya cika.

Ana gama sadakar uku masu bin bashi suka fara sallama. Mai butik, Allah ya saka masa, cewa ya yi ya yafe. Mai kamyo ya zo, na biya. Sai ga wani Alhaji, ɗan kasuwa mutumin Tahoua, wanda ya ba Yaya aparai, na'urar nan da ke kuka in ta ji zinariya a ƙasa, da abinci da ruwa na tsawon zamansa, duk bashi. Aparai kuwa ta bi ruwa, ba wanda ya san inda ta shiga. Da ya faɗi kuɗin, wallahi sai da na dafa bango. Bai ɗaga murya ba. "Ni ban zo tada maka hankali ba," in ji shi. "Amma kai ka faɗa, gaban jama'a, gaban gawa."

Abin da na mallaka duk duniya motona ne, babur ɗin da nake kabu-kabu da shi. Da shi nake ciyar da matata da yarana, ga na Yaya sun ƙaru. In ya tafi, tukunya biyu ta sauka.

To ina ɗan kabu-kabu zai ɓuya? Aikina ke nan, yawo a titi. Na koma naɗa rawani har ido kamar Buzu, amma Arlit ɗin nawa take? Da kukan moton ake gane ni. In waya ta yi ƙara, sai na duba mai kira kafin in ɗauka. Na sha ɗaukar fasinja in wuce inda ya ce, sai ya bubbuga mini kafaɗa. Matata ta ce gishiri ya ƙare, na balbale ta da faɗa kamar ita ta ci kuɗin. Abinci ma ya zama magani, haɗiya kawai nake.

Inna kuma daga Maradi ba ta fasa kira. "An sauke wa yayanka nauyin? Ka san mai bashi ba ya samun kwanciyar kabari." In ce, "An kusa, Inna." Ƙarya nake, ko hanya ba a kama ba.

Wata rana da azahar na kashe moto a bakin maƙabarta, na shiga na tsaya kansa. Addu'a na je yi, faɗa ya fito. "Yaya, ka kyauta! Ka kwanta abinka, ka bar ni da jangwam. Ko a kunne ba za ka raɗa mini ba?" Na yi kuka har majina, sannan na roƙa masa gafara, don tsoro nake kada a ce ana tsare da shi a can saboda ni.

Na sayar da moton. Na miƙa mabuɗi ina kallon wani ya hau ya tada shi, na tako gida da ƙafa. Kuɗin na kai wa Alhaji gaba ɗaya, bai rufe ba. Sai ya ce yana da rami a Tchibarakaten, in na yarda in je in yi haƙa, a riƙa cirewa daga rabona. In ƙi in ci me?

Ranar tafiya ƙanena ya rako ni tashar kamyo, yana riƙe da jarkar ruwana. Na ja shi gefe na ce, "Ka saurare ni da kyau. In aka dawo da ni yadda aka dawo da Yaya, liman ya yi tambayar nan, ka kama bakinka. Kana da iyali. Kekenka na ɗinki kada ya fita daga shagonka."

Ya ajiye jarkar, idonsa ya kawo ruwa.

"To in na yi shiru, Yaya, wa zai ɗaga hannu?"

Na ɗauki jarkar, na hau kamyo. A ranar ne ya fara kirana Yaya.