Sun Yi Hoto, Sun Bar Mata Lemonta

Sun ari malafar mai tallar lemo da sandar da take rataya kwandunanta, sun yi hoto, sun tafi ko lemo ɗaya ba su saya ba. Kuma ba baƙi ba ne. 'Ya'yan birnin nan na Hanoi ne, 'yan mata cikin dogayen rigunan siliki irin na kakanninmu, wai suna raya al'adar gari.

Ga ta nan tsugune a bakin titin Hang Buom, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa, kafaɗarta ta dama ta yi kanta saboda sanda. Ƙafafunta duk laka, da alama tun asuba ta tsallako gada daga ƙauye.

"Jikokina, ku ne cinikina na farko," in ji ta. "Ko ɗaya ku ɗauka."

"Haba Kaka! Duniya za ta gan ki, kuma mu biya?" in ji babbarsu, suka wuce suna dariya.

A garin nan kowa ya san idan mai sayen farko ya tafi hannu wofi, kasuwar ranar ta mutu, sai an ƙona takarda an kori tsiyar. Shi ne ta juya wa titi baya, ta ƙyasta ashana, tana kaɗa guntun jarida mai wuta a kan kwandunanta, kai a sunkuye kamar ita ta yi laifi. Masu shagunan gefe duk sun kawar da kai, kunya ta hana su kallonta.

Iyayen yaran nan, ku kuka ɗinka musu rigunan. Gobe da sassafe ku turo su, su buɗe mata ciniki.