Ni Na Ƙona Gem Ɗin Aminina, Matarsa Ta Ɗauki Laifin

Malam Edita, ina gaisuwa da fatan alheri. A farkon shekarun tamanin ni matashi ne sabon aure, ina aikin gyaran wuta a wani kamfanin gurzar auduga a Funtua. Asalinmu mutanen Tsiga ne, aiki ya kawo ni gari. Ba zan ɓoye ba, a lokacin ina ji da kaina ƙwarai. Duk unguwarmu in wuta ta yi gardama ni ake nema, in wani ya sayo fanka ni zan ɗaura masa, kuma a ƙofar gidan da nake haya ake ciyayya. Da la'asar sakaliya maza su shimfiɗa tabarma, kowane gida ya fito da kwanonsa, a haɗa a ci tare, a yi hira har a kira magariba. Mu takwas ne ko tara. A cikinsu akwai aminina, wanda muka taso tare tun muna kiwon awaki a Tsiga. Shi Kirista ne, malamin firamare, ni Musulmi, amma abin bai taɓa shiga tsakaninmu ba. Ranar Sallah yana gidanmu, ranar Kirsimeti ina gidansu, ɗakinsa kuwa ina shiga ko yana nan ko ba ya nan.

Wata shekara kawuna ya dawo daga aikin Hajji ya kawo mini tsarabar wani ɗan gem na hannu, bai fi tafin hannuna ba. Yana da ɗan gilashi da maɓallai biyu, a ciki wani ɗan mutum yana kai da komo da kwando yana tare abubuwan da ke faɗowa daga sama, in uku suka kuɓuce masa wasa ya ƙare. Mutum ɗaya yake ɗauka. Wallahi abin nan ya shiga raina fiye da yadda ya kamata ga magidanci. In an gama cin abinci sai in fito da shi daga aljihu, mutane su kewaye ni suna leƙe ta kafaɗata, ina dannawa yana ƙara kit-kit, maki yana hawa. In wani ya roƙa in ba shi ya gwada sai in ce batirinsa irin na agogo ne, sai Kano ake samu. Gaskiyar magana ita ce ba na so kowa ya iya. Ko aminina sau ɗaya na ba shi, shi ma ina tsaye a kansa, da ya fara gane kan abin na karɓe na ce zai lalata mini maɓalli. Dariya kawai ya yi ya ce wannan wasan nawa na marowata ne.

Ana nan sai yayansa, wanda ya je karatu Amurka, ya zo hutu da wani gem na daban. Wannan akwati ne baƙi da ake jonawa da talabijin, yana da 'yan sanduna biyu masu waya da kaset-kaset da ake cusa masa, mutum biyu ke zama su kara da juna. Da zai koma ya bar shi amana a hannun ƙanensa, ya ja masa kunne sosai cewa wutar can ba ta kai ƙarfin tamu ba, in aka jona shi kai tsaye a bango ya mutu ke nan. Ni aka kira na haɗa. Na samo ƙaramar taransifoma mai rage ƙarfin wuta, na canza wa gem ɗin kan filogi zuwa irin namu don ya shiga cikinta, na gwada, hoto ya fito. Ranar har na ji daɗi, don kowa yana cewa ba don ni ba da ba a ga komai ba.

Daɗin bai yi mako ba. Da farko in an gama ciyayya a ƙofata sai mutane su zame ɗaya bayan ɗaya su nufi gidansa. Daga baya wani tela a cikinmu ya ce ai wahala ce a ci a nan a tashi a tafi can, gara kawai a riƙa kai kwanukan can. Kowa ya ce haka ne. Babu wanda ya tambaye ni, sai kawai na fito wata la'asar na tarar tabarmata ita kaɗai a shimfiɗe. Matata ta tambaye ni ko ta aika da tuwon can, na daka mata tsawa kamar ita ta yi mini laifi. Na zauna na ci ni kaɗai, ina jiyo ihunsu daga lungu na biyu, na fito da ɗan gem ɗina na danna har na wuce duk makin da na taɓa yi, kuma babu ko mutum ɗaya da zan nuna wa.

Ba zan yi wa aminina ƙarya ba, bai yar da ni ba. Da kansa ya zo ya ja hannuna, ya ce kujerar kusa da shi tawa ce, ya ce wasan ba ya masa daɗi in ba ni. Na je ina cin magani. Ƙa'idarsu ita ce wanda aka ci ya tashi wani ya zauna. Aka ba ni sanda, aka haɗa ni da telan nan, mutumin da ko rediyo bai iya kamo tasha ba. Kafin in gane ina ne gaba ya harbo ɗan jirgina sau biyar. Ɗaki ya ɗauki dariya, wani ya ce ashe sarkin gem a gidansa kaɗai yake sarauta. Wasa ne irin na abokai, kowa ana yi masa, telan ma da aka ci shi daga baya dariya ya yi ya tashi. Ni ban iya ba. Na saba da wasan da in na faɗi babu wanda ya sani, sai in sake farawa a ɓoye. Na tashi na fita, kuma tun daga ranar duk lokacin da na ji an ambaci gidan aminina sai in ji haushi. Kishi ne tsagwaronsa, yanzu na iya kiran sunansa.

Wata Asabar da hantsi na bi ta gidan. Shi ya tafi gonarsa ta masara a hanyar Bakori, mai ɗakinsa kuma ta gama shara ta tafi kai niƙa. Na san al'adarta, duk Asabar takan zare wayoyin falo ta share bayan teburin talabijin ta mayar. An ɗauke wuta tun safe. Na shiga kamar yadda na saba, na tsaya ina kallon akwatin nan an rufe shi da ɗan kyalle mai ado. Ban zo da niyya ba, ko kuma haka nake gaya wa kaina shekara da shekaru. Na sunkuya na zare filoginsa daga taransifoma na cusa a soket ɗin bango, na danna makunni, na mayar da kyallen na fita. Duka abin bai kai minti ɗaya ba, kuma babu wanda ya gan ni. Da azahar aka kawo wuta.

Da la'asar aka aiko a kira ni da gaggawa. Na tarar falon yana warin ƙonanniyar roba, mutanen majalisa sun yi cirko-cirko, aminina ya riƙe kai. Ya roƙe ni in duba in gaya masa gaskiya, ko wuta ce ta zo da ƙarfi ko mene ne. Na buɗe akwatin, na shinshina, na juya shi kamar mai bincike, sannan na nuna filogin da ke bango na ce ga dalili nan, wani ne ya jona shi kai tsaye. Ban ambaci sunan kowa ba, ban kuma buƙaci in ambata ba, don kowa ya san wanda ya yi shara a ranar. Mutumin nan mai sanyin hali, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya juya kan matarsa a gabanmu duka. Ya ce ya sha gaya mata kada ta taɓa abin da ba ta sani ba, ya ce ta ci masa amanar ɗan'uwansa, ya kira ta baƙauya. Ita 'yar wani ƙauye ce kusa da Malumfashi, ba ta yi boko ba, kuma dama abin yana damunta a gidan da kowa malami ne. Ta yi ta rantsuwa cewa inda ta zare nan ta mayar. Ya ce to aljani ne ya jona ke nan. Ina tsaye da sukudireba a hannu na bar ta da laifin.

Bayan kwana biyu ta same ni a gida. Ta durƙusa ta gaishe ni tana kirana Malam kamar yadda ta saba, ta ce ta san maganata kaɗai mijinta zai ji a kan harkar wuta. Ba ta ma nemi in wanke ta duka ba. Roƙonta shi ne in ce masa wataƙila ko da an jona daidai wutar ranar za ta iya ƙona shi, don zuciyarsa ta yi sanyi. Na yi tunani na ga in na faɗi haka za a ce taransifomar da na haɗa ce ba ta da kyau, sunana na mai gyara ya ɓaci. Na ce mata ni ba na ƙarya a kan aikina. Malam Edita, ka ji fa, ni ne nake cewa ba na ƙarya. Ta share hawaye ta yi godiya ta tafi. A ƙarshen makon ta tattara ta koma gidan iyayenta da ciki wata biyar, kuma a can ta haihu. Sai da fasto da dattawa suka yi ta zarya kafin ta dawo. Yayan aminina da ya ji labari ya rubuto wasiƙa mai zafi, shi ma a kanta ya sauke.

Abin da na yi don shi ma ban samu ba. Majalisa ba ta dawo ƙofata ba. Sun riga sun saba da can, sai suka haƙa ramukan dara a ƙofar gidansa suka ci gaba da wanda aka ci ya tashi. Ni ma daga baya na bi su, don ba ni da wurin zuwa. Aminina ya ci gaba da riƙe ni da zuciya ɗaya, ni na ɗaura masa wutar gidan da ya gina, ni na raka shi neman wa ɗansa aure. Sau da yawa na buɗe baki zan faɗa sai in ce bari sai an samu lokacin da ya dace. Kuma duk tsawon shekarun nan in ana raha a gidansu aka tuna gem ɗin Amurka, sai a ce ai Mama ce ta soya shi, 'ya'yanta ma sun taso suna tsokanarta da haka. Takan yi murmushi kawai, ni ma in yi dariya tare da su.

Bara waccan aminina ya rasu bayan gajeriyar jinya. Bayan an watse daga zaman makoki na koma na same ta a tsakar gida, mu biyu duk mun tsufa, na gaya mata komai tun daga kwanukan ciyayya har zuwa filogin. Na zaci za ta yi kuka ko ta zage ni, kuma da ta yi hakan da na fi samun sauƙi. Amma sai ta ce ita fa tuni ta yarda ita ce ta yi. Ta ce da farko ta tabbata ba ita ba ce, amma da kowa ya yi ta faɗa, har da ni da na san wuta, sai ta ce wataƙila hankalinta ne ya gushe a ranar. Ta ce tun daga lokacin ba ta ƙara jona komai a bango da hannunta ba, ko dutsen guga sai ta kira wani, kuma ta sha ba mijinta haƙuri a kan abin har a gadon asibiti. Na roƙe ta gafara. Ta ce nata mai sauƙi ne, za ta yi ƙoƙari, amma wanda take so ya ji wannan magana da kunnensa an rufe shi ranar Talata.

Yanzu ina ganin jikokina da waya a hannu, wani yana wasa shi kaɗai a lungu, wani yana karawa da mutanen da bai taɓa gani ba a wasu ƙasashe, yana ihu in an ci shi. Ba na hana su, amma nakan fi sa ido a kan mai wasa shi kaɗai, wanda ba ya son a taɓa masa, ba ya kuma jure a yi masa dariya, don na san inda wannan halin ya kai ni. Ina kira ga masu karatu, in ka ji zuciyarka tana ƙuna don mutane sun koma wurin wani, ka faɗa da bakinka tun abin yana ƙarami, ko da za a yi maka dariya. In kuma ka riga ka yi ɓarna wani yana ɗauke da laifinka, kada ka jira lokacin da ya dace, ka tashi ka je yau. Ni na jira, kuma aminina ya tafi kabari yana ganin matarsa ce ta ci amanarsa, ni kuma mutumin kirki ne.