Allurar Rage Ƙiba Ta Sa Aka Ce Ina Da Ciki

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Samaru, 'ya'yana biyu, ƙiba kuwa ta kai ni inda mai acaɓa kan ƙare mini kallo kafin ya yanke shawarar tsayawa. Maigidana soja ne, an tura shi aiki nesa, wata bakwai bai leƙo gida ba. Mahaifiyarsa ce ke zaune da mu a Basawa. Na ƙudura a raina sai ya dawo ya kasa gane ni.

Wata abokiyar aikina ta kai ni wurin wata mai shagon kayan kwalliya a Sabon Gari. Tun shigata hankalina bai kwanta da matar ba. Daga firjin lemo ta ciro 'yan kwalabe, duk an kankare rubutun jikinsu. Ta ce sinadari ne irin wanda jikin mace ke yi da kansa, ana allurarsa kullum, a haɗa da ƙwai ɗaya da kokwamba da 'yar tsokar kaza, ba tuwo ba mai. Na tambayi sunansa, ta yi dariya ta ce malaman makaranta akwai son tambaya. Ta gargaɗe ni kada in gaya wa likita, wai baƙin ciki suke da kasuwarta, kuma in riƙa jefar da kwalba da zarar ta ƙare. Duk na ga alamun nan da idona, amma na karɓa. A gida na ce azumin nafila nake yi.

A mako na biyar na yanke jiki na faɗi a gaban allo. A asibiti aka gwada fitsarina, ma'aikaciyar jinya ta shigo da fara'arta tana yi wa surukata barka, wai ina da ciki. Tsohuwar kuwa, yatsunta kawai na ga tana lanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya, tana lissafin watanni. Wallahi ban taɓa jin kunya da tsoro irin na ranar ba.

Na faɗi gaskiya, amma ba ni da ko kwalba ɗaya da zan nuna. Muka je Sabon Gari, matar ta dube ni ta ce ita man shafawa take sayarwa, ba ta ma san ni ba. Da hoton ciki ya nuna babu komai, surukata ta ce ai na riga na zubar. Daga baya likita ya bayyana cewa sinadarin masu juna biyu ne aka yi ta ɗura mini, shi ne ya fito a gwajin. Kafin nan labari ya riga ya isa wurin maigidana ta waya.

Ya dawo, ya saurari likita, ya ce ya yarda da ni. Ƙibar ma ta dawo har da ƙari. 'Yan'uwana mata, duk maganin da aka ce ku ɓoye wa likita da mutanen gidanku, ku bar shi a inda kuka gan shi, domin ranar da za ku nemi shaida ba za ku samu ba. Shekara biyu ke nan, muna zaune lafiya. Sai dai har yau in wayata ta yi ƙara, shi yake fara kallon ta kafin ni.