Dattin da Ya Tsayar da Firjin Rigakafi

Akwai safiyar da har yau ba ta bar zuciyata ba. Ƙarfe takwas da kwata muka sauka daga jirgin kwale-kwale a wani ƙauye na bakin tafki, gaba da Wara. Mu biyu ne, ni da Oga Yohanna, shugaban masu gyara a shagonmu na Yawuri, wanda a lokacin nake mataimakinsa. Sista Hajara, mai kula da ɗakin shan magani na ƙauyen, tana tsaye a bakin ruwa tana jiranmu.

Ga matsalar. Firjin da ake ajiye allurar rigakafin yara, mai aiki da hasken rana, ya koma tsayawa kowace safiya, sai rana ta yi zafi ya tashi da kansa. Sista ta kwashe alluran ta zuba a akwatin ƙanƙara, ƙanƙarar kuma tana narkewa. Idan suka yi ɗumi, zubarwa za a yi. Ga shi an riga an sanar da mata a tsibirai cewa washegari su kawo 'ya'yansu.

"Oga, an fa gyara shi watan jiya," in ji ta. "Na kai allon cikinsa kasuwa, aka canza wani abu, a gabana ya yi aiki."

"A kasuwa ya yi aiki," Oga ya ce. "Nan kuwa bakin ruwa ne, Sista."

Bari in yi bayani ga wanda ba ɗan sana'a ba. A cikin irin wannan firji akwai allo kore mai siraran hanyoyin wuta, shi ke ba inji umarnin tashi ko tsayawa. Idan za mu liƙa wani abu a kansa da dalma, mukan shafa man liƙi, wanda muke kira fulos, don dalmar ta kama. Bayan an gama, man yakan bar datti mai danƙo, launin zuma.

Na bi tsari. Na duba batir, lafiya. Na duba wayoyi, lafiya. Na ciro allon na gwada abin da aka canza, shi ma lafiya lau, liƙin ya yi kyau. Na ce, "Oga, ni ban ga abin da ya mutu ba."

"Ba abin da ya mutu. Mi ka gani kewaye da liƙin?"

"Fulos ne kawai."

A wajenmu da gangan masu gyara ke barin wannan datti. Mai kaya yana son ya ga shaidar an sa wuta. Idan ka miƙa masa allo fes, sai ya ce buɗewa kawai ka yi ka rufe. Sista ma ta faɗa da bakinta cewa wannan tabon ne ya kwantar mata da hankali ranar da aka yi gyaran.

Oga ya miƙo mini gilashinsa mai ƙara girman abu, ya ce in matsa kusa da taga. Na kafa ido. A tsakanin hanyoyi biyu da bai kamata su taɓa juna ba, wani abu fari-fari ya tsiro a cikin dattin, da rassa da ƙananan rassa, kamar saiwar shinkafa idan ka tuge ta daga laka. Ƙarfe ne, amma ya yi tsiro. Duk girmansa bai kai kaurin gashi ba. Ban san lokacin da na ce "Allahu Akbar" ba.

Sai ya ɗora bakin mitar gwajin wuta a kan hanyoyin biyu, ya ce mu kalli lamba. Ya sunkuya ya yi wa allon huci sau ɗaya, kamar mai goge madubi. Lambar ta zabura. Ya jira ta koma, ya sake, ta sake zabura.

Sista ta dafe ƙirji. "Oga, numfashinka ne ya yi wanga aiki?"

"Numfashina ko na tafkinku, duk ɗaya. Dattin nan yana shan danshi. Da safe ya jiƙe, wuta ta ratsa ta cikinsa, allo ya ɗauka firji ya yi sanyi, ya tsayar da inji. Rana ta busar da shi, ya tashi."

Ta ruga ta kawo sifirit ɗin da suke goge fata da shi kafin allura, don a wanke dattin. Oga ya ƙi, ya ce nasu akwai ruwa da launi a ciki. Ya ciro kwalbarsa ta sifirit zalla, ya ba ni aikin. Na karkata allon don dattin ya gangara waje. Na zuba, na goge da buroshi mai laushi, na tsane da farin ƙyalle, ƙyallen ya fito rawaya. Na maimaita har ya fito fari. Daga nan ya ce a bar shi ya bushe sarai.

Wannan jiran ya fi komai wuya. Sista tana buɗe akwatin tana rufewa.

"Ku maida shi hakanan mana, ƙanƙarata ta kusa zama kunu!"

"In kika ƙara buɗe akwatin nan, ke za ki sha kunun," in ji Oga. Ta yi dariya, ta zauna a kan murfin.

Da ya bushe, ya sake yi masa huci. Lambar ba ta motsa ba. Muka mayar, muka haɗa wuta. Inji ya ɗauka da ƙaramar ƙara, alhali gari a lumshe yake, danshi ko'ina. Bayan azahar sanyi ya kai inda ake so, Sista ta duba alamar da ke jikin kwalaben alluran, mai nuna ko zafi ya lalata su, ta ga ba ta canza ba, ta jera su a firjin ɗaya bayan ɗaya. Washegari mata suka zo, ba a mayar da ko ɗaya ba.

Ba mu canza komai a firjin nan ba, wanki kawai muka yi. Don haka ku da kuke shiga wannan sana'a yanzu, ina roƙonku abu ɗaya: kada ku mayar da murfi sai ƙyallenku ya fito fari, ko da mai kaya zai yi muku ƙorafi. Ba ku san abin da za a ajiye a cikin na'urar ba, ba ku kuma san yaran da ke jiransa ba.